Wa ya tuna zamanin Mario da kaset mai ruwan ɗorawa?

Abban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na je gida gaida Hajiya, ta sa ni in fito mata da wasu kwalaye daga ƙarƙashin gado za a yi shara. A kwali na ƙarshe sai ga tsohon gem ɗinmu, yana nan yadda muka bar shi: kaset uku masu ruwan ɗorawa, bindigar harbin agwagi, da hannu biyu, ɗaya an naɗe wayarsa da salatif tun ranar da ƙanena ya fizge shi. Adafta ce kawai babu. Na daɗe zaune a ƙasa ina jujjuya kaset ɗin nan, har Hajiya ta ce lafiya kuwa.

Da na koma gidana na sa Super Mario a kwamfuta na kira Hanif, shekararsa tara. Bai fi minti goma ba. Ɗan abin nan mai ruwan ƙasa da ake fara haɗuwa da shi ya kashe shi, ya faɗa rami sau biyu, rayuka suka ƙare. Sai ya ce, "Abba, a ina ake ajiye inda mutum ya tsaya?" Na ce ba a ajiyewa, daga farko ake sakewa. Ya miƙo mini hannun cikin ladabi ya koma kan wayar mamarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ne nake tambayar waɗanda suka yi zamanin: wasannin nan na gudu da tsalle ne suke da daɗi da gaske, ko kuwa yarintarmu muke kewa?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, kaset mai ruwan ɗorawa! Namu an rubuta masa wasanni 9999999 a jiki, amma in ka bi a hankali ba su kai ashirin ba. Mario ne ake ta maimaitawa, wani ya fara daga mataki na uku, wani an canja masa kala, wani an sauya suna. Mu kuwa muka yi imani cewa in ka yi ta gangarawa ƙasa za ka tarar da wani sabo da ba wanda ya taɓa gani.

Yaya Babba:
Abban Hanif, wasan ne. Ni ba na shakka. Ka duba matakin farko na Mario da idon babba yanzu ka gani. Ba a rubuta maka komai ba, ba wanda ya yi maka bayani, amma kafin ka isa bututu na uku ka riga ka koyi wasan gaba ɗaya. An ajiye ka a gefen hagu, fili duk yana dama, ka san inda za ka nufa. Abokin gaba ɗaya ya taho a hankali, dole ka gwada tsalle. Ka bugi akwatin da ke walƙiya, laimar kwaɗi ta fito ta gangara ta bugi bututu ta dawo kanka, ko kana tsoronta sai ta taɓa ka, sai ka ga ka girma. Shi ke nan ka gane wannan abokiya ce. Mutanen da suka tsara shi a kamfanin Nintendo, Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka, sun zauna sun auna kowane taku.

Sannan tsallen kansa. In ka ɗan taɓa maɓallin A ya yi ƙaramin tsalle, in ka danne ya yi sama sosai, in kana riƙe da B kana gudu ya yi nisa. In ka saki, ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame. Nauyin nan da ake ji a babban yatsa shi ne sirrin. Wasan 1985 ne, yau shekara kusan arba'in, har gobe yatsana ya san shi.

Injiniya:
Na goyi bayan Yaya. Ku ƙara da cewa duk wasan nan, duniya 8, kowace da mataki 4, wato mataki 32, da kiɗansa da hotunansa, kilobait 40 ne kacal. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayarka yanzu ya ninka shi sau da yawa. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, kala kawai aka canja, wannan fari wancan kore. Ku je ku duba. Hatta gashin bakin Mario da hularsa matsi ne ya kawo su tun a Donkey Kong na 1981: ɗigon hoton bai isa a zana baki da gashin kai yadda za su fito ba, sai aka rufe su.

Wani gyara kuma. Abin da yawancinmu muka yi wasa da shi ba na Nintendo ba ne na asali. Kwaikwayon Famicom ne, injin gem na Nintendo wanda ya fito a Japan a 1983, aka riƙa ƙera irinsa a Taiwan da Sin ana bazawa duniya. A Rasha ma irinsa yaransu suka tashi da shi, suna kiransa Dendy. Shi ya sa wani ya zo da siffar madannin kwamfuta, wani kamar PlayStation, amma cikinsu duk abu ɗaya ne.

Malam Na-Zariya:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mun manta da ɓacin ran da ke ciki. Ka shafe awa biyu ka kai duniya ta bakwai, a ɗauke wuta, komai ya tafi. Ko adafta ta yi zafi har ba ta taɓuwa, a ce a kashe gem ya huta. Ko ƙaninka ya zo wucewa ya yi tuntuɓe da waya, hoto ya daskare. Wannan ba daɗi ba ne, rashin zaɓi ne. Kuma wahalar da muke yabo yanzu, da yawanta gado ce daga injinan da ake jefa wa kwabo a shaguna, inda ribar mai injin ita ce ka mutu da wuri ka sake jefawa. Yaron nan Hanif tambayar hankali ya yi. Ni ina ganin da mun samu abin da suka samu, da ba mu waiwayi Mario ba.

Ban da haka, mu faɗi gaskiya, nawa ne cikinmu suka sha bulala a Islamiyya saboda makara a shagon gem? Hadda nawa ta zube?

Maman Ilham:
Malam, gaskiya ka faɗa a kan makara, amma bari in kawo ɓangaren da ba ku sani ba ku maza. Mu ba a barinmu zuwa shagon gem, ko ƙofar ba ma dosa. A gida ma yayyena uku ne, hannu ba ya zuwa kaina sai sun tafi ƙwallo da la'asar. Tsakanin la'asar da magariba, in akwai wuta kuma na gama wanke-wanke, wannan ne rabona. Shi ya sa ban taɓa wasa da rai ɗaya ba. Na san ba ni da lokacin sakewa.

Nawa wasan Adventure Island ne, na kamfanin Hudson. Ɗan dumɓurun mutumin nan mai hula da ɗan bante na ganye, yana jifa da gatarin dutse. Abin da ya bambanta shi da Mario, ƙarfinsa raguwa yake yi ko ba abin da ya taɓa shi, dole ka yi ta cin ayaba da sauran 'ya'yan itace kana tafe, ba halin tsayawa. Ka fasa ƙwai ka samu katako mai taya, murna ta kama ka, sai ka tuna ba ya tsayawa, ga dutse ga wuta a gaba. Wani ƙwan kuma gauta ce a ciki, ta bi ka tana zuƙe maka ƙarfi. Ranar da na fara kashe bos ɗin farko, wato babban abokin gaban da ke tsare ƙarshen hanya, kansa ya faɗi wani sabon kai ya maye gurbinsa, ni kaɗai ce a falo. Na fita tsakar gida da gudu ina gaya wa Inna, ita ba ta ma san me nake nufi ba, amma ta ce Allah ya yi albarka. Da yayyena suka dawo ba wanda ya yarda, sai da na sake a gabansu washegari. Daga ranar aka sa ni a layi.

Abban Hanif:
Hajiya Maman Ilham, wannan kalma ta "layi" ta taɓa ni. Mu dokarmu ita ce wanda ya mutu ya miƙa hannu. Mu bakwai a gaban talabijin ɗaya, ƙaramar baƙi da fari, sai an murɗa ana neman tashar da hoton zai fito.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ku ba mu wuri mu ma mutanen Nijar. Mu nan dala biyar muke ba mai shago, in an taso daga lakwal. Kuma ni ban ga wanda ya ambaci Contra ba, alhali shi ne wasan abota. Mutum biyu lokaci ɗaya, mai jan wando da mai shuɗi. Duk wanda ya ga bindigar S ta taho, mai watsa harsashi biyar, sai rigima ta tashi kan wa zai ɗauka. A mataki na uku, wurin hawan ruwan nan mai gangarowa, in ka yi saurin hawa ka bar ɗan'uwanka a ƙasa, allo ya ɗaga, ya mutu. Kuma in rayukansa sun ƙare yana iya danna maɓalli ya ɗauki naka. Akwai abokina da muka yi kwana uku ba ma magana a kan haka. Yau shi ne aminina, shi ya yi mini babban aboki a aurena.

Ɗan Tudun Wada:
Ga sirrin maɓallan Contra: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. Rai talatin. Har yau ban manta ba, kamar karatun allo.

Injiniya:
Wani ma'aikacin Konami, kamfanin da ya yi Contra, shi ne ya ƙirƙiro dabarar nan, Kazuhisa Hashimoto, lokacin da yake mayar da wasan Gradius zuwa Famicom a 1986. Wasan ya yi masa wuyar gwadawa, sai ya sa wa kansa wannan hanya, aka fitar da kaset ba a cire ba. Ya rasu a 2020. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ta iso unguwarmu. Ba intanet, ba mujallar gem, ba mai jin Japananci, amma wani yaro a layinmu ya sani, shi ma wani ya gaya masa.

Yaya Babba:
To nan ne nake so Malam ya duba. Rashin ajiyewar nan da kake kira rashin zaɓi, shi ya mai da ilimin wasan abin gado. Tunda kullum daga farko za a fara, dole ka haddace hanya, kuma dole ka nemi wanda ya fi ka. Wa ya nuna maka cewa a mataki na 1-2, wato duniya ta 1 mataki na 2, in ka hau saman rufi ka bi ta can za ka tarar da bututu uku masu kai ka duniya ta 2, ta 3 ko ta 4? Wa ya nuna maka kurangar da ke ɓoye a 4-2 mai kai mutum har duniya ta 8? Wa ya koya maka taka kunkuru a kan matakalar ƙarshen 3-1 kana tara rayuka? Kowannenmu zai iya faɗin sunan wanda ya koya masa. Ni wani ɗan maƙwabtanmu ne, Allah ya jiƙansa, ya rasu muna aji uku na sakandare. Duk lokacin da na hau rufin nan shi nake tunawa.

Kuma mun daɗe muna wahala kafin wani ya zo da labarin cewa in rayuka suka ƙare, ka riƙe A ka danna Start, za ka ci gaba daga farkon duniyar da ka mutu. Ranar kamar an yi mana sallah.

Malam Na-Zariya:
Allah ya jiƙansa da rahama. Yaya, ai ka ga ka dawo kan maganata ta wata ƙofa. Abin da ka tuna mutum ne, ba kaset ba.

Yaya Babba:
Mutum ne, amma wasan ne ya tara mu. Da wasan banza ne, da ba wanda zai zauna jiran layi awa guda.

Baban Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Ku duk 'yan Mario ne, ni ɗan Sega ne, kuma ba na neman afuwa. Ranar da na fara ganin Sonic a gidan wani kawuna, bushiya shuɗiya tana dunƙulewa tana zagaya da'ira kai a ƙasa, ga itatuwan kwakwa ga ruwa yana ƙyalli a baya, sai Mario ya koma mini kamar tafiyar hawainiya. 1991 ya fito a Mega Drive, injin gem na kamfanin Sega. Hikimar zobban nan ta fi laimar kwaɗi: muddin kana da zobe ko ɗaya ne ba za ka mutu ba, in an buge ka su watse ka bi su da gudu kana tsinta. Wannan jinƙai ne ga yaro.

Amma duk wanda ya yi Labyrinth, yanki na huɗu, ya san tsoro. Kana cikin ruwa, tafiya ta yi nauyi, kana jiran kumfar iska ta fito daga ƙasa ta ƙi fitowa, sai kiɗan nan ya canja, lamba ta fara sauka daga biyar. Wallahi har yau in na ji shi ƙirjina bugawa yake. Sonic 2 kuma, na 1992, shi ya raba rigima a gidanmu, don hannu na biyu yana juya Tails, ɗan yanyawa mai wutsiya biyu, kuma shi ko ya mutu dawowa yake ta sama. Sai a ba ƙaramin ƙane, kowa ya huta.

Yaya Babba:
Baban Zango, Sonic gudu ne, Mario lissafi ne. Rabin lokaci a Sonic ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka faɗa kan ƙaya.

Baban Zango:
Sai wanda bai haddace hanya ba, Yaya. Kowane mataki yana da hanyar sama da ta ƙasa, gwani ne kawai ke iya zama a ta sama. Gudun lada ne, ba kyauta ba.

Injiniya:
Baban Zango, in Sega ɗinku gwanjon Turai ce, to ba ka ma ga ainihin gudunsa ba. Talabijin ɗin Turai, da irin tsarin da muke bi a Najeriya da Gana, sau 50 yake sabunta hoto a daƙiƙa, na Japan da Amurka sau 60. Sonic na farko ba a daidaita shi ba, don haka na Turai ya fi jinkiri da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan. Shi ya sa in ka kunna shi yanzu a kwamfuta za ka ji kamar ana sauri.

Batun hura kaset kuma, tunda na san za a zo kansa: ba iskar ce ke gyarawa ba, cirewa da mayarwar ce ke sa haƙoran su zauna daidai. Danshin baki ma tsatsa yake jawowa a hankali.

Maman Ilham:
Injiniya, ka faɗi naka, amma mu mun hura kuma ya yi.

Ɗan Tudun Wada:
Wa ya wuce mataki na biyu a Lion King? Wurin birai da raƙuman dawa da hawan jimina. Sai ka yi wa biri gurnani ya juya, su yi ta jifa da kai daga wannan zuwa wancan, ƙarshe ka dawo inda ka fara.

Baban Zango:
Wata biyu ya ci mini. Daga baya ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wasan ya bayyana cewa da gangan aka tsananta wurin, don kada masu karɓar haya a Amurka su gama shi kafin su mayar, su fasa saye. Malam Na-Zariya zai ji daɗin wannan, hujjarsa ce. Aladdin na Sega, mai takobi da jifan tuffa, shi ya fi adalci.

Malam Na-Zariya:
Na karɓa. Amma tunda ana tone-tone, ni ma ina da nawa, kada a ce ba ni da zuciya. Prince of Persia, a kwamfutar ofishin mahaifina, ranar Asabar in ya tafi da ni. Minti 60 aka ba ka ka ceci gimbiya, agogo yana tafiya ko ka mutu. Tafiyar mutumin ce ta kama ni, yadda yake ɗan tangaɗi in ya tsaya, yadda yake kama bakin gini ya rataya. Ashe mai wasan, Jordan Mechner, ƙaninsa ya ɗauka a bidiyo yana gudu da tsalle cikin fararen kaya, ya bi hoton yana zanawa. Baba yana aikinsa a tebur, ni ina gefe ina taka sannu don kada ƙusoshi su fito daga ƙasa. Wata rana na juya sai na ga ya ajiye biro yana kallo, ya ce, "Ka taka a hankali, wancan dutsen zai rufta." Ashe ya daɗe yana bi. Shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa.

Abban Hanif:
Allah ya gafarta masa, Malam, ya sa aljanna makoma.

Auta:
Amin. Yayyena, ni 2001 aka haife ni, ban riski kaset ba. Nawa Bounce ne a Nokia ɗin Umma, jar ƙwallon nan mai bi ta cikin zobba tana gudun ƙaya, ƙarƙashin bargo bayan an kashe fitila. Abin da nake so in ce, irin wasannin nan ba su mutu ba. Akwai Sonic Mania na 2017, da Hollow Knight na shekarar, da Celeste na 2018 wanda za ka mutu sau ɗari a wuri ɗaya amma nan take ya mayar da kai bakin wurin, ga Super Mario Bros. Wonder na 2023. Kuma har yanzu akwai masu gasar gama Mario na farko cikin ƙasa da minti biyar, dubban mutane suna kallo. Ina ga Hanif ba wasan ya ƙi ba. Shi kaɗai aka zaunar, babansa na tsaye a kansa yana jira ya ga ya so. Yaya Abban Hanif, ka gwada tara masa yara.

Maman Ilham:
Auta ya fi mu gani. Kuma a sa mata a layin tun farko.

Abban Hanif:
Injiniya, wace irin adafta zan nema?

Injiniya:
Ka duba rubutun da ke ƙarƙashin gem ɗin ka tafi da shi wurin masu gyaran rediyo, kada ka saya da ka. Yawancinsu 9V ne, amma kan filogin yana da juyi, in aka sa wanda ya saɓa zai iya ƙona shi. Ka goge haƙoran kaset da auduga da ɗan sipirit. Bindigar kuwa ba za ta yi a talabijin na bango ba, sai mai ƙeya irin na da.

Abban Hanif:
'Yan zaure, na dawo da rahoto. An samu adafta, kaset biyu cikin uku sun tashi. Jiya Juma'a bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a falo, na kira Hanif da ƙanwarsa da 'ya'yan maƙwabcina uku. Na faɗa musu doka ɗaya, wanda ya mutu ya miƙa hannu, na koma kujera na yi shiru kamar yadda Auta ya ce. Da farko kowa na mutuwa a ramin farko. Can sai ƙaramarsu, 'yar shekara shida, ta danna ƙasa a kan bututu bisa kuskure ta shige ɗakin sulalla. Ihun da suka yi sai da mamarsu ta leƙo daga kicin. Aka kira magariba suna 1-3, wurin dogayen itatuwan nan, na ce a kashe. Hanif ya ce, "Abba, gobe daga farko za mu fara?" Na ce e. Ya juya ya ce wa abokinsa to gobe shi zai fara, don ya riga ya san inda laimar take.

Yanzu shawara nake nema: in nuna musu hanyar saman rufi ta 1-2, ko in bari?

Yaya Babba:
Kada ka nuna wa duka. Ka kira 'yar ƙaramar nan gefe ka gaya mata ita kaɗai.